Kundin aikin tsimin ganye da kolestarol: Janairu zuwa Yuni 2025

13 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi bisa shawarar malamin da ke duba aikina. Ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, tun kafin zuciya ta yi wa labarin kwaskwarima. Tambayar aikin guda ce: cikin ganye huɗu da ake yawan ambata, wato zaitun, zogale, gwaiba da shayi, akwai wanda tsiminsa ke rage kolestarol ɗin jini da gaske? In akwai, ta wace hanya yake bi?

Abin da ya sa na damu da tambayar a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi 32 cikin ɗari na duk mace-macen shekarar. Nau'in kolestarol da ake kira LDL shi ne ke kutsawa bangon jijiya ya taru har hanya ta tsuke. A 2010 an haɗa sakamakon gwaji 26 na magungunan statin masu rage kolestarol a kan mutum kusan 170,000, aka ga duk saukar LDL da milimol ɗaya a lita tana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ire-irensu da kimanin kashi 22 cikin ɗari. Wannan ne ma'aunin da kowane ganye zai tsaya a gabansa.

Ƙofofi uku zan ƙwanƙwasa. Hanta tana ƙera kolestarol da kanta, hanji yana tsotsarsa, sannan hanta tana mai da wani sashe ruwan madaciya ta zubar da shi cikin hanji. Ganyen da zai yi amfani dole ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan.

27 ga Janairu

An tsinko ganyen zaitun, zogale da gwaiba da sassafe. Na kai reshen kowanne wurin masanin tsirrai ya tabbatar da sunansa, ya danne samfuri a takarda, ya ba shi lamba aka adana. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne, ni kuwa ina ganin shi ne tushe, domin wanda zai maimaita aikina bayan shekara goma yana buƙatar sanin ainihin bishiyar da na taɓa. Ganyen shayi busasshe aka kawo, kore, wanda ba a bari ya yi baƙi ba.

Na yi asarar kusan rabin zogalen. Na shanya shi a inuwa kamar yadda ya dace, amma na cika tire da yawa, iska ba ta ratsa ƙasan ba. Kwana na uku na ɗaga saman, sai ga fumfuna fara-fara kamar auduga ta lulluɓe na ƙasa, da wani wari mai ɗumi. Na zubar da tiren gaba ɗaya. Fumfuna tana da nata sinadarai, wasunsu guba ne, wasunsu kuma suna aiki a kan hanta. Statin na farko ma daga fumfuna ya fito: Akira Endo na Japan ya gwada dubban nau'o'inta kafin ya samo kompaktin daga Penicillium citrinum a farkon shekarun 1970. Da na niƙa wancan zogalen, ko me na gani daga baya ba zan iya rantsuwa cewa aikin ganye ne ba.

10 ga Fabrairu

Niƙa da jiƙo. Giram 200 na garin kowane ganye a lita biyu ta etanol mai kashi 70, a kwalba mai duhu, awa 72, ina girgizawa safe da yamma. Na kuma yi na ruwan zafi zalla, tunda mutanen da ke shan ganyen nan da ruwa suke dafa shi, kuma abin da ruwa ke tatsowa ya bambanta da abin da etanol ke tatsowa. Na tace, na janye etanol ɗin a na'urar da ke juya kwalba cikin ruwan ɗumi, ban bari zafin ya haura digiri 40 ba.

Abin da ya saura ɗan kaɗan ne a gindin kwalba. Na zaitun ya fito kamar ƙaro, ruwan ƙasa mai duhu, yana manne wa cokali. Na zogale kore shar. Na gwaiba ya bushe ya farfashe kamar gilashi.

24 ga Fabrairu

Mako biyu ina auna yawan sinadaran folifenol da filabonoid, da kuma ƙarfin kowane tsimi wurin kashe ɓarnar iskar oksijin. Gwajin DPPH yana da kyan gani: ruwa ne shunayya, kana ɗiga tsimi sai ya koɗe ya koma rawaya. Na shayi da na gwaiba sun koɗar da shi kafin in mayar da murfi. Zaitun ya bi baya, zogale ya zo ƙarshe.

Na rubuta lambobin, amma ba zan gina komai a kansu ba. Rahotanni da yawa da na karanta a nan suke tsayawa, su ce tunda ganye ya koɗar da shunayya to yana kare zuciya. Wannan tsalle ne mai nisa. An gwada tunanin a jikin mutane: a binciken kare zuciya da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, mutum 20,536 ne suka shiga. Waɗanda suka sha simbastatin sun samu kariya, haɗin bitamin E da C da beta-karotin kuwa bai rage bugun zuciya ba. Jijiyar ɗan Adam tana da hanta da hanji da ƙoda a gabanta, abin da ya faru a kwalba ba lallai ya isa can ba.

11 ga Maris

Ranar farko ta gwajin enzayim ɗin hanta, HMG-CoA ridoktes. Shi ne mai tsaron ƙofar ƙera kolestarol, shi ne kuma statin ke toshewa. Yayin aikinsa yana cinye wani sinadari mai suna NADPH, wanda ke shanye haske a tsawon nanomita 340. Don haka in enzayim na aiki, lambar da ke fuskar na'urar auna haske tana ta sauka. In an toshe shi, sai ta tsaya cak.

Na sa prabastatin, ɗaya daga cikin magungunan statin, don kwatance, layi ya tsaya kamar yadda ake tsammani. Na sa tsimin gwaiba, shi ma layi ya tsaya, kusan daidai da na maganin. Na maimaita sau uku, sau uku yana tsayawa. Hannuna har rawa yake lokacin da nake kwafe lambobin. Na aika wa Malam hoton tun kafin in cire safar hannu.

13 ga Maris

Malam ya zo ɗakin gwaji da kansa. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Kin taɓa tauna ɗanyen ganyen gwaiba?"

Na ce, "Na taɓa, ranka ya daɗe. Bauri ne da shi."

"To me baurin ke yi wa bakinki?"

Nan take na gane inda ya dosa. Baurin nan tanin ne, kuma abin da yake yi a baki shi ne kama furotin ɗin yawu ya dunƙule shi. Da shi ake jeme fata. Enzayim kuwa furotin ne. Tanin ba ya zaɓe, duk furotin ɗin da ya tarar zai rungume shi ya hana shi motsi. Ashe mai yiwuwa ba ƙofar gwaiba ta toshe ba, mai gadin ta ɗaure gaba ɗaya, kuma haka za ta yi wa kowane enzayim da na zuba mata. A cikin jiki, yawancin manyan tanin ba sa ma tsallake bangon hanji su kai ga hanta a siffarsu.

Ya ƙara da cewa in duba ko tsimin da kansa yana shanye haske a 340, domin filabonoid da yawa a wannan yankin suke sha. Ya ce, "Ki yi murna bayan kin yi ƙoƙarin kashe sakamakon ya ƙi mutuwa." Na ce to, Malam. Murna ta koma ciki, amma na san gaskiya ya faɗa.

20 ga Maris

Na bi da kowane tsimi ta garin PVPP, wanda ke kama tanin ya bar saura. Na kuma tanadi kwalbar da ke da tsimi babu enzayim, don in cire hasken da tsimin ke sha da kansa. A wani zagayen na zuba furotin ɗin albumin, don tanin ya samu abin kamawa ya ƙyale enzayim.

Ƙarfin gwaiba ya zube kusan duka. Na shayi ya ragu sosai. Zogale dama bai nuna wani abin kirki ba a wannan gwaji. Zaitun ne kaɗai ya riƙe ɗan abin da ya nuna tun farko, kuma sai da na zuba shi da yawa ƙwarai, ninkin-ba-ninkin abin da ake buƙata na prabastatin. Mako guda ke nan na aiki don in rushe sakamakon yini ɗaya. Na bar shafin 11 ga Maris yadda yake, ban goge komai ba.

2 ga Afrilu

Kawuna ya kira da daddare. Shekara uku ke nan likita ya ɗora shi a kan atobastatin bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi. Ya ji a wurin mahaifiyata cewa ina aiki a kan ganye.

Ya ce, "'Yata, na gaji da ƙwayar nan. Kullum dare sai na haɗiya. In kin haɗa naku na ganyen ki aiko min, in huta."

Na ce, "Kawu, don Allah kada ka ajiye ta. Abin da ke hannuna ko ɓera bai sha ba tukuna."

Ya ce ai ganye ba ya cutarwa. Na yi masa bayani a hankali. Na gaya masa a 2022 likitoci a Kilibland ta Amurka sun raba mutum kusan 200 rukuni-rukuni na kwana 28. Wasu sun sha rosubastatin miligiram 5 kacal, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, sauran kuma ɗaya daga cikin abubuwa shida da ake sayarwa don zuciya: man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkur, sterol na tsirrai da jar shinkafa mai yis. LDL ɗin masu statin ya sauka da fiye da kashi 35 cikin ɗari. A cikin shidan babu wanda ya rage LDL a fili fiye da ƙwayar wofi. Gwajin gajere ne, rukunonin kuma ƙanana, amma tazarar ba ta ɓuya ba.

Da na matsa masa da tambaya, sai ya fito da ainihin damuwar: cinyoyinsa ke ciwo da safe. Na ce wannan magana ce ta likitansa, ana iya rage adadin ko a sauya masa wani nau'in. Ya yi alkawarin zuwa. Bayan mun ajiye waya na daɗe ban yi barci ba. Duk kalmar da zan rubuta a rahoton ƙarshe, akwai irin Kawu da zai ji ta daga bakin wani, an yanke mata kai da ƙafa, ta zama "an gano ganyen da ke maganin kolestarol".

15 ga Afrilu

Na koma ƙofa ta biyu, hanji. Kolestarol ba ya narkewa a ruwa, sai gishirin madaciya ya lulluɓe shi cikin ƙananan ƙwayoyi kafin bangon hanji ya iya tsotsa. Duk abin da ya fitar da shi daga cikin ƙwayoyin nan, zai wuce ne ya fita da bayan gida. Ta nan sterol na tsirrai ke aiki, kuma an tabbatar giram biyu a rana yana rage LDL da kusan kashi goma cikin ɗari. A nan ba a buƙatar sinadarin ya shiga jini, don haka ko tanin yana da damar yin amfani.

Na haɗa irin waɗannan ƙwayoyi a kwalba, na zuba tsimi. Na shayi ya sa ruwan ya yi gajimare, farin gari ya kwanta a ƙasa bayan an juya shi a na'ura. Wannan ya dace da abin da aka sani game da sinadarin EGCG na koren shayi.

Sai dai wani tarkon ya sake bayyana, wannan karon ni na hango shi. Kayan auna kolestarol da muke amfani da su suna aiki ne ta hanyar samar da haidurojin feroksaid, wanda ke haifar da launin ja-ja, a auna launin. Folifenol kuwa yana cinye feroksaid, kamar yadda bitamin C ke yi. Na ɗauki ruwan da na san adadin kolestarol ɗinsa, na ɗiga masa tsimin shayi, na auna. Na'ura ta ba ni lamba ƙasa da gaskiya, alhali ko ƙwayar kolestarol ɗaya ba ta bar kwalbar ba. Yanzu sai na fara janye kolestarol ɗin da wani ruwa daban kafin in auna. Aikin ya ninka, amma lambar ta zama tawa. Bayan gyaran, tasirin shayi yana nan, ya dai ragu. Gwaiba ma ta nuna wani abu a nan.

29 ga Afrilu

Na miƙa takardar neman izini ga kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji. Na cire zogale daga matakin dabbobi, tunda bai nuna komai a ƙofa biyun da na gwada ba, kuma ba zan sa dabba ta sha wahala a kan abin da ba ni da hujjarsa ba. Wannan ba hukunci ba ne a kan zogale, iyakar abin da nawa tsimin ya nuna ke nan.

Kawu ya je asibiti. An sauya masa magani.

12 ga Mayu

Ina jiran izini, ina karatu a kan ɓera, kuma abin da nake karantawa yana rage min ƙarfin gwiwa. Ɓera ba shi da madaciya, ruwanta yana zuba ne kai tsaye daga hanta zuwa hanji. Yawancin kolestarol ɗin jininsa a HDL yake, nau'in da ke mayar da kolestarol zuwa hanta, saɓanin mutum da nasa ya fi yawa a LDL, kuma ba shi da furotin ɗin CETP da ke musayar kitse tsakanin nau'o'in biyu a jikinmu. Endo da kansa ya sha wannan: kompaktin bai rage kolestarol ɗin ɓeraye ba, har aikin ya kusa mutuwa, sai da aka gwada a kaji masu ƙwai, sannan karnuka da birai, aka ga yana aiki. Irin maganin da ya ceci miliyoyin mutane ya faɗi jarrabawar ɓera. To abin da ya ci jarrabawar ɓera fa, me ya tabbatar?

Zomo ya fi saurin nuna toshewar jijiya, tun 1913 Nikolai Anichkov ya nuna haka a Rasha da ya ciyar da zomaye kolestarol. Hamsta, wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera, ta fi kusa da mutum a wannan fanni. Amma ɓera ne abin da ɗakin dabbobinmu ke iya riƙewa yadda ya kamata, don haka zan yi da shi, in rubuta iyakarsa ɓaro-ɓaro a babin farko. Ba zan kuma yi amfani da lissafin Friedewald na 1972 ba, wanda ke fitar da LDL ta hanyar raba tiragiliserid, wani nau'in kitsen jini, gida biyar. Don jinin mutum aka tsara shi. Zan auna jimillar kolestarol da HDL, in ba da rahoton abin da ya rage.

Na yi wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙa yi. Rahotanni da yawa suna ba ɓera miligiram 400 a kowane kilo na nauyinsa. In za a mayar da shi na mutum, ana rabawa da 6.2, ya zama kusan miligiram 65 a kilo. Mai nauyin kilo 70 zai sha giram huɗu da rabi na busasshen tsimi kowace rana, wanda sai an tatse ganye mai ninkin wannan sau da yawa kafin a samu. Kofi ɗaya na dafaffen ganye bai kama ƙafar wannan ba.

26 ga Mayu

Batun lafiyar hanta. Wanda ya tattara sinadaran ganye wuri ɗaya ya riga ya fitar da shi daga sahun ganye, ya shigar da shi sahun magani, da amfaninsa da haɗarinsa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa EGCG daga miligiram 800 a rana zuwa sama, in an sha shi a ƙwaya, yana da alaƙa da hauhawar enzayim ɗin hanta a jini, alamar tana jin jiki. Saboda haka na ƙara awon ALT da AST, wato enzayim ɗin hanta, da kiriyatinin mai nuna lafiyar ƙoda a tsarin, kuma za a duba yankan hanta da ƙoda a madubin ƙara girma. Na kuma rage mafi girman adadin shayin da na yi niyyar bayarwa.

Na auna olurofin, sinadarin da ke sa ganyen zaitun ɗaci, a tsimin ganyen Janairu da wani sabo da na yi a farkon wannan wata daga bishiyoyin nan dai. Ba su zo daidai ba, tazarar ma ba ƙarama ba ce. Bishiya ɗaya, hannu ɗaya, hanya ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa binciken ganye ya yi kyau a wuri ɗaya ya ƙi maimaituwa a wani. Labarin folikosanol na kakin rake yana raina: binciken farko daga Kuba ya nuna saukar LDL mai yawa, gwajin da aka yi a Jamus aka buga a 2006 bai ga bambanci da ƙwayar wofi ba. Na yanke shawarar amfani da tsimin ganyen Janairu kaɗai har ƙarshen aikin, in kuma rubuta adadin olurofin da ke cikin kowane giram.

9 ga Yuni

Izini ya fito, da sharaɗi ɗaya: in rage yawan jinin da zan ɗiba a kowane zagaye. Na amince.

Ɓeraye 36 sun iso, maza, fararen Wistar. Rukuni shida, shida-shida: masu cin abincin yau da kullum, masu cin mai kitse da kolestarol ba magani, masu cin mai kitse da ezetimib don kwatance, sai zaitun, shayi da gwaiba. Na zaɓi ezetimib a madadin statin saboda a hanji yake aiki, inda tsimina ya fi nuna alama, kuma saboda abin da na rubuta ranar 12 ga Mayu. Baba mai kula da ɗakin dabbobi ne ya raba su ta hanyar ƙuri'a, shi ne kuma zai riƙa liƙa lambobi a kwalaben jini. Takardar da ke fassara lambobin tana cikin ambulan a aljihun teburin Malam. Ba zan gan ta ba sai an gama awo na ƙarshe. Na riga na ga yadda hannuna ya yi rawa a kan gwaiba.

17 ga Yuni

Mako guda suna sabawa da wuri. Baba ya koya min riƙo: tafin hannu a bayan ɓera, yatsa biyu a kafaɗunsa, ba matsewa. Ya ce, "'Yata, in kin ji tsoro shi ma zai ji. Saki numfashinki tukuna." Na uku da na ɗauka ya lafe a hannuna, ina jin bugun zuciyarsa a yatsana, da sauri kamar ana kaɗa ƙaramin ganga.

Yau muka auna nauyin kowanne, muka ɗebi jinin farko daga jijiyar wutsiya. Kwalba biyu jininsu ya fashe, ruwan ya yi ja, ba za su aunu ba, za mu sake ɗiba ranar Juma'a. Sauran 34 suna cikin firiza da lambobin Baba a jikinsu. Gobe da ƙarfe takwas za a fara ba su abinci mai kitse, tsimi kuma ta bututun baki sau ɗaya a rana har mako shida. Na auna na gobe na zuba a kwalabe masu duhu. Wani ɓera a keji na huɗu yana cin abinci ƙasa da 'yan'uwansa tun shekaranjiya, na sa masa alama a wutsiya, zan fara duba shi da safe kafin a ba kowa komai.